Matsayin mutum a wurin kwanansa: Abin da aka tono a kufan gidajen Chinook

Duk mai bin labaran yaƙe-yaƙen Amurka ya taɓa cin karo da sunan Chinook, wato ƙaton jirgin nan mai saukar ungulu, mai farfela biyu, da ke jigilar sojoji da manyan bindigogi. Ba kowa ya san cewa aron sunan aka yi daga wata al'umma ba. Chinook mutane ne da suka zauna a gaɓar Kogin Columbia, can arewa maso yammacin Amurka, inda kogin ya raba jihar Oregon da jihar Washington kafin ya faɗa Tekun Fasifik. Su da danginsu masu harsuna makusanta sun bazu tun daga bakin teku har wajen The Dalles, tafiyar kimanin kilomita 300 in an bi ruwa.

Mutanen nan ba sa noman hatsi, ba su da garken dabbobi. Da su da farauta da tonon saiwoyi suke ci. Duk da haka suna da masu sarauta, da attajirai, da talakawa, da bayi. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin an ɗauki shekaru ana koyar da cewa sai al'umma ta kama noma ta tara rarar hatsi sannan wani yake hawa kan wani, mafarauta kuwa kowa daidai yake da kowa. Kufan Chinook na cikin wuraren da suka rushe wannan zato. Kuma amsar da aka samu a can ba a fada ko a kabarin wani sarki aka tono ta ba. A ƙarƙashin daɓen gidajen kwana aka same ta, tsakanin toka da ƙayar kifi da ramukan da ginshiƙai suka ruɓe a ciki.

Kufai biyu, tsallaken kogi

Yawancin abin da aka sani a yau ya fito ne daga wurare biyu da ke kusa da birnin Portland. Na farko shi ne kufan Meier, kusa da garin Scappoose a Oregon, wanda Farfesa Kenneth Ames na Jami'ar Jihar Portland ya haƙa tare da ɗalibansa daga 1987 zuwa 1991. Gida ɗaya ne rak a wurin, amma tsawonsa ya kai kimanin mita 30, faɗinsa mita 14. Gwajin da ake auna shekarun gawayi da ƙashi da shi ya nuna an kafa shi wajen shekarar 1400, an kuma ci gaba da zama a cikinsa har farkon ƙarni na 19. Masu binciken sun ƙiyasta mazaunansa sun kai wajen mutum 200.

Na biyu shi ne Cathlapotle, kusa da garin Ridgefield a ɓangaren Washington, wanda aka haƙa daga 1991 zuwa 1996. Wannan gari ne sosai, an kafa shi wajen 1450. An ga kwarin gidaje shida a jere a bakin ruwa, mafi girmansu ya haura mita 60 a tsawo, an raba shi kashi huɗu da bangayen katako.

Cathlapotle na da wata fa'ida da Meier ba shi da ita: akwai waɗanda suka gan shi da ido suka rubuta. Ayarin Meriwether Lewis da William Clark, wanda Shugaba Thomas Jefferson ya aika ya ratsa nahiyar, ya wuce ta gabansa ranar 5 ga Nuwamba, 1805, ya kuma yada zango na 'yan sa'o'i a can ranar 29 ga Maris, 1806, a hanyar komawa. Sun ƙirga gidaje 14. An ba su ƙananan kifi da dafaffiyar saiwa suka ci, suka sayi guzuri har da karnuka, suka ga dogayen takubban ƙarfe rataye a kan gadaje. Sun ba shugaban garin lambar girmamawa, shi kuwa nan take ya miƙa wa matarsa. A lissafinsu na farko sun ce mutanen garin 300 ne, a na biyu suka ce 900. Masana biyu, Robert Boyd da Yvonne Hajda, sun ba da dalili mai ma'ana game da wannan saɓani: da bazara, idan kifi ya hauro, dangi da surukai daga wasu garuruwa kan kwararo, gidajen su cika maƙil.

Gidan da ya shekara 400

Da itacen sida ake ginin, wani dogon itace mai jan ciki da ke tsagewa sambal in an san hannunsa. Babu zarto. Ana fiƙe ƙahon dabba ko icce mai tauri a kafa a jikin gungumen, a riƙa bugawa da gudumar dutse har allo ya ɓallo, sannan a sassaƙe shi da gizago. A haƙa ƙasa ta yi zurfi kaɗan, a kafa manyan ginshiƙai, a ɗora azarar tsakiya, a jera alluna a tsaye su zama bango, a rufe sama da wasu allunan ko ɓawon itacen. Ƙofa 'yar ƙarama ce mai siffar ƙwai, sai mutum ya sunkuya. Da shigarsa zai ga murahu jere a tsakiya, kowanne a cikin akwatin katako da aka cika da yashi, kifi rataye a sama yana shan hayaƙi, gadaje kuma a kan dakalin katako sun bi jikin bango hagu da dama. Mai zanen nan Paul Kane, wanda ya zo yankin a 1846, ya bar hotunan cikin irin waɗannan gidaje, kuma abin da aka tono ya yi daidai da abin da ya zana.

Katakon da gidan Meier ya ci a ginin farko kaɗai ya ninka abin da ake gina gidan katako na zamani da shi a Amurka. Wannan kuwa somin taɓi ne. Ƙasar wurin mai laima ce, ruwan sama ba ya yankewa, kogi kan yi ambaliya, don haka duk katakon da ya taɓa ƙasa sai ya ruɓe. Masu haƙar sun tarar da ramin ginshiƙi a kan ramin ginshiƙi, gurbin allo a kan gurbin allo, murhu a kan murhu. Abin da ya fi jan hankali shi ne kusan kullum a gurbin tsohon ake mayar da sabon. Shekara 400, zuriya bayan zuriya, ana sauya itacen gidan ɗaya bayan ɗaya har babu sauran allon da magina na farko suka taɓa, amma fasalinsa bai gusa ba.

Wannan kaɗai ya isa hujja. Gidan da za a riƙe haka dole akwai wanda ya gaje shi, wanda zai ce yau za a sare itace, ya tara maza masu yawa su ɗaga azara, ya ciyar da su, ya kuma biya gwanin sassaƙa. Kafa ginshiƙan irin wannan gida ya fi ƙarfin mazaunansa kaɗai. Sai an yi gayya daga wasu garuruwa. Wanda ba shi da abin da zai cika cikin 'yan gayya da shi, ba shi da bakin kiransu. Ames ya kafa ra'ayinsa a kan haka: gidan shi ne hukuma, shi ne ma'aikata, shi ne taska, kuma girmansa shaida ce da kowa ke gani daga cikin kwalekwale ta yawan hannayen da mai gidan ke iya juyawa.

Abin da ke ƙarƙashin daɓe

Abin da ya fi ba masu haƙar mamaki shi ne ramukan ajiya. A Meier an tarar da jerin manyan ramuka masu zurfi tsakanin murahu da gadaje, an rufe su da daɓen katako, ta yadda mazauna gidan a kan abincinsu suke tafiya. A Cathlapotle kuma a ƙarƙashin gadaje aka haƙa su. Wasu an shimfiɗa musu katako, wasu an saka kwanduna a ciki, an kuma sha sake haƙa su da gyara su. Rumbu ne, sai dai ƙasa ya nufa maimakon sama, kuma a cikin ɗaki yake inda idon mai shi ke kansa dare da rana.

Me ake zubawa a ciki? An saba cewa mutanen wannan yanki da kifin salmon kawai suke rayuwa, wanda ke haurowa daga teku da ɗimbin yawa a lokacinsa. Gaskiya ne yana da muhimmanci, amma nazarin ƙayoyin kifi da Virginia Butler ta yi ya nuna akwai wasu da yawa: sturgeon, ƙaton kifin da kan fi mutum tsawo, da wani siririn kifi mai maiƙo da ke zuwa ƙarshen hunturu, da ƙananan kifayen fadama da tafkuna waɗanda matafiya Turawa ba su ko kula da su ba. Akwai tulin ƙasusuwan barewa da na elk, wata ƙatuwar dabba danginta. Akwai 'ya'yan itatuwa. Sannan ga wapato, saiwar wata ciyawar ruwa mai kama da ƙaramin dankali, wadda yawanta ya sa Lewis da Clark suka raɗa wa kwarin sunanta. Clark ya bayyana yadda mata ke samo ta: mace ta shiga ruwa da ɗan ƙaramin kwalekwale, wani lokaci har iya wuya, a cikin sanyi, ta riƙa ɓanɓaro saiwar da yatsun ƙafa, in ta taso sama ta kwashe ta zuba. Wapato kaya ne na ciniki. Mutanen bakin teku, da ba ya fitowa a wajensu, saye suke yi.

Sirrin dukiyar yana nan. Abincin yana zuwa da yawa amma ba ya jira. Kifi ya hauro yau, cikin 'yan makonni ya wuce, kuma sau da yawa abu biyu ko uku kan nuna a lokaci guda a wurare daban-daban. Gidan da ke da mutum goma sai ya zaɓi ɗaya ya bar sauran. Gidan da ke da ɗari biyu zai tura wasu su jefa taru, wasu su bi dabba, wasu su shiga fadama, wasu su zauna suna feɗe kifi suna shanyawa kafin ya lalace. Yawan hannu shi ke kawo rara, rara ta kawo biki da kyauta da sadakin 'yar babban gida, waɗannan kuma su jawo ƙarin mutane su raɓu da gidan.

Daga ƙofa zuwa ƙurya

Bayanan da matafiya suka bari, da waɗanda masana irin su Franz Boas da Verne Ray suka tattara daga bakin dattawan Chinook daga baya, sun nuna cewa a cikin gidan kowa ya san wurin kwanansa. Mai gida da iyalinsa suna can ƙurya, nesa da ƙofa, inda ya fi ɗumi da tsaro, inda kuma akan kafa sassaƙaƙƙun alluna masu fenti. Masu matsakaicin matsayi suna tsakiya. Bayi da marasa galihu suna bakin ƙofa, wurin iska da sanyi, inda mahari zai fara isa. Tambayar da masu binciken suka tasa a gaba ita ce: shin ƙasa za ta gaskata wannan?

Hanyar da suka bi mai wahala ce amma ba ta da ruɗani. Suka raba daɓen gida gunduwa-gunduwa, suka tankaɗe ƙasar kowane yanki, suka ƙirga abin da ya fito: tsinin kibiya, duwatsun da ake ɗaura wa taru ya nutse, makankarar fata, guduma, duwatsun ado, guntayen tagulla da ƙarfe. Cameron Smith ya ƙara da duba bakin kayan aikin dutse da madubin ƙara girma, domin wuƙar da ta yanki nama da wadda ta kankare icce ba iri ɗaya suke dakushewa ba.

An samu bambanci. A Meier ƙofa tana kudu, kuma ɓangaren arewa ne ya nuna alamun manya. A babban gidan Cathlapotle, sashen da ya fi sauran ukun girma shi ne ya fi tara kayan ƙawa da na ƙarfe, yana kuma da wurin ajiya mai yawa. Tsakanin gida da gida ma akwai tazara: ƙaramin gidan da aka haƙa a garin, mai tsawon kimanin mita 13, bai kama ƙafar babban ba. Elizabeth Sobel ta bi sawun wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi, wanda aman wutar duwatsu ke samarwa, kuma daga nesa ake kawo shi, domin ta ga yadda kayan fatauci ke rarrabuwa tsakanin gidaje.

Sai dai bambancin bai kai yadda mai karanta labaran matafiya zai zata ba. Kusan duk aikin da ake yi a bakin ƙofa ana yin sa a ƙurya. Akwai kayan farauta da na su da na sassaƙa a wurin kwanan manya, kamar yadda ake samun ɗan abin ado jefi-jefi a wurin ƙanana. Abin da ya bambanta shi ne yawa: wannan murhu ya fi ba da ƙarfi a wannan sana'a, wancan ya fi a waccan. Babban mutum a gidan Chinook bai naɗe hannu yana jiran a kawo masa ba. Wannan ya dace da abin da aka rubuta game da sarautarsu, cewa shugaba yana da girma da dukiya da faɗa a ji, amma ba shi da dogarin da zai tilasta wa ɗa. Wanda bai ji daɗin zama ba yana iya naɗe tabarmarsa ya koma gidan dangin uwarsa ko na matarsa a wani gari, tun da auratayya ta haɗe garuruwan kogin kaf. Mai gida kullum yana cikin lallashin mutanensa da abinci da kyauta. Iko na gaske, na rai da mutuwa, a kan bayi kaɗai yake da shi.

Waɗanda ƙasa ta ɓoye

A jikin mutum ma an rubuta matsayinsa. Jaririn da aka haifa ɗa akan kwantar da shi a allon goyo, a ɗaure masa wani abu da ke danne goshi har tsawon watanni, kan ya tashi a baje, goshin ya kwanta baya. Wannan ita ce shaidar 'yanci kuma ita ce kyau a wurinsu. An hana yi wa ɗan baiwa haka. Bayi, waɗanda yawanci sayo su ake yi daga al'ummomin nesa, kawunansu a mulmule suke, ko daga nesa an gane su. Ƙiyasin masana ya nuna cewa a farkon ƙarni na 19 kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na mazauna ƙasan kogin bawa ne. Idan aka ɗora wannan lissafi a kan gida irin na Meier, ana maganar mutum 40 zuwa 50 ke nan.

Su ke ɗebo ruwa da itace, su ke tuƙa kwalekwale, su ke taya shanyar kifi, kuma su kansu dukiya ne da ake sayarwa, a biya diyya ko sadaki da su. In babba ya mutu akan sa gawarsa a kwalekwale a ɗaga sama da kayansa, wani lokaci a kashe bawa ya raka shi. In bawa ya mutu kuwa, a jefar da gawar a daji ko a ruwa.

To amma a cikin ƙasa da ƙyar ake ganinsu. Bawa yana cin abincin gidan, yana aiki da kayan aikin gidan, yana kwana a ƙarƙashin rufin gidan, ba shi da wani abu nasa da zai bari, ba shi ma da kabari. Makankarar da aka tsinta kusa da murhun mai gida ba ta faɗin hannun da ya riƙe ta. Tana iya zama ta uwargida, tana iya zama ta baiwar da ke durƙushe a gabanta. Wannan ya sa dole a yi hattara da waccan magana ta cewa manya ma suna aiki. Ames da kansa ya yi rubutu a kan wannan matsala, kuma inda ya fi ganin sawun bayi shi ne a lissafi: in aka auna yawan katakon da aka tsaga, da ramukan da aka haƙa, da abincin da aka sarrafa, sai a ga aikin na bukatar hannaye masu ɗimbin yawa.

Fatauci, sannan zazzaɓi

Chinook 'yan kasuwa ne tun kafin su ga Bature. Kuɗinsu wani dogon farin ƙwanson teku ne mai kama da ɗan ƙaramin haure, da ake kawowa daga wajen Tsibirin Vancouver, yana yi musu aikin da wuri ya taɓa yi a kasuwannin ƙasar Hausa. Ana shirya shi a zare a auna da gaba, kuma gwargwadon tsawon ƙwanson gwargwadon darajarsa. Mata na cikin manyan masu ciniki. Da jirgin Robert Gray ya shigo bakin kogin a 1792, aka kafa Astoria a 1811 da sansanin Vancouver na kamfanin Hudson's Bay a 1825, sai kasuwar ta buɗe. Saman ƙasar kufan cike yake da duwatsun ado na gilashi, da tagulla, da fasassun tangaran na Sin da Ingila. A Cathlapotle makankaran fata sun ƙaru sosai a wannan zamani, abin da ake dangantawa da jimar fatar elk mai kauri, wadda ake ɗinka sulke da ita, jiragen Turawa su saya su kai arewa su musanya da fatun dabbobin ruwa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan zamani shi ne Comcomly, shugaban da ke bakin teku, wanda ya aurar da 'ya'yansa mata ga manyan jami'an kamfanonin fata, kamar yadda manyan gidaje suka saba ƙulla zumunci da duk wanda ke da amfani. Ya mutu a 1830, shekarar da zazzaɓin cizon sauro ya ɓulla a kwarin. Cutar ta riƙa dawowa duk shekara, kuma Boyd ya ƙiyasta cewa cikin kimanin shekara goma ta hallaka wajen kashi 90 cikin 100 na mutanen yankin, waɗanda dama agana ta riga ta rage su. Gidan da ke bukatar ɗaruruwan hannaye ba ya tsayuwa da mutum ashirin. Meier da Cathlapotle duk suka zama kufai. A 1835 wani likitan kamfanin, Meredith Gairdner, ya tone kabarin Comcomly ya sace ƙoƙon kansa saboda bajajjen goshin, ya aika Ingila. Sai a 1972 jikokinsa suka samu damar sake binne shi.

Zuriyar ba ta ƙare ba. Wasu suna cikin al'ummomin Grand Ronde da Siletz da Warm Springs da Yakama. Na bakin teku kuwa, waɗanda suka haɗu a ƙarƙashin Al'ummar Chinook mai hedikwata a Bay Center, sun sa hannu a yarjejeniyar Tansy Point a 1851 amma Majalisar Dattawan Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba. Gwamnatin tarayya ta amince da su a hukumance a Janairun 2001, gwamnatin da ta biyo baya ta soke a Yulin 2002, kuma shugabansu Tony Johnson, wanda ya haɗa hannu da Boyd da Ames wajen fitar da babban littafi a kan al'ummar a 2013, yana cikin masu jagorantar neman a dawo da ita.

A ranar 29 ga Maris, 2005, aka buɗe sabon gidan katakon sida kusa da kufan Cathlapotle, wanda 'yan Chinook da ma'aikatan hukumar kula da namun daji da 'yan sa kai fiye da 100 suka gina bisa fasalin da aka tono. Ana hura wuta a murahunsa, ana taron hunturu da waƙe-waƙe a ciki, yaran makaranta kuma na zuwa kallo. Tsawonsa kimanin mita 24 ne, bai kai rabin babban gidan da ke kwance a ƙarƙashin itatuwa kusa da shi ba.